Sha'awa da Albashi: Jawabi a Taron Shekara na Tsofaffin Ɗalibai



Da yawanku kun tuna cewa muna aji huɗu ni ne mai cika allon sanarwa da labarai, har malaminmu na Hausa, wanda ga shi can zaune yana dariya, ya taɓa ƙwace mini littafin ƙagaggun labarai a lokacin darasin lissafi. A wancan zamani babu mai ba ni ko sisi, amma sai in kai tsakar dare ina rubutu da fitilar ƙwai.

Allah Ya karɓi roƙona. Bayan na gama jami'a na samu aikin jami'in watsa labarai a wata ma'aikata, wato rubutu ne abincina. To, gaskiyar da zan faɗa muku ita ce, shekara shida rabona da in rubuta layi ɗaya don kaina. Jawabin manya nake rubutawa, su karanta, a tafa musu. In na koma gida, ko biro ba na son gani.

Na daɗe ina zaton lalaci ne, sai na ci karo da binciken wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Deci, na 1971. Ya ba ɗalibai wani wasa na wasa ƙwaƙwalwa, ya riƙa biyan wasunsu dala ɗaya kan kowane da suka warware. Da aka daina biya, waɗanda suka saba karɓa sai suka rage taɓa wasan a lokacin hutunsu. Kuɗin ya mayar musu da wasa aiki.

Amma ban yarda laifin na kuɗi ne kaɗai ba. Alhaji Mamman Shata da waƙa ya ci, ya sha, ya yi kyauta, kuma bai rabu da ita ba har rasuwarsa a 1999. Alhaji Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, a 1939 kuma ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, alƙalaminsa bai bushe ba. A ganina bambancinsu da ni shi ne, su akwai muryarsu a cikin aikin. Ni kuwa haya aka ɗauki hannuna.

Kada ƙannenmu da ke bayan ɗakin nan su ce na ce a raina albashi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mai iyali ya san darajar ƙarshen wata, kuma ni 'ya'yana uku. Ba zan ajiye aiki ba. Abin da na yi shi ne, tun watan azumin da ya wuce na keɓe safiyar kowace Asabar ina rubuta abin da babu wanda ya sa ni. Na kai shafi arba'in.

Malam, in littafin nan nawa yana wurinka har yanzu, ina roƙon a mayar mini.