Kada Mu Yi Guɗa Idan An Kama Ɗan Jarida



Yau maganar 'yan jarida zan yi, domin na lura duk ranar da aka kama wanda ya caccaki namu, sai wasunmu su cika waya da "Allah Ya ƙara". Don Allah mu tsaya mu yi tunani.

Ku tuna da Chris Anyanwu, mace ce kamarmu, mai mujallar TSM. A 1995, zamanin Abacha, kotun soja ta yanke mata ɗaurin rai da rai saboda labaran da ta buga kan zargin juyin mulki. Daga baya aka mayar da shi shekara 15. A gidan yarin Gombe idonta ya fara lalacewa. Sai a 1998, bayan rasuwar Abacha, ta fito. A 2007 kuma ta zama sanata. Kun ga yadda duniya ke juyawa?

Kada ku ce ai wannan mulkin soja ne. A watan Yunin 2014 sojoji sun tare motocin rarraba jaridu, suka ƙwace Leadership da Daily Trust da wasu. A Janairun 2019 kuma, an riga an sauya gwamnati, sojoji suka shiga ofisoshin Daily Trust na Abuja da Maiduguri kan labarin Baga. Jam'iyyu biyu ne daban, amma hannun iri ɗaya ne. Wanda ya yi tafi a 2014 shi ne ya koka a 2019.

Akwai ma matsin da ba a gani: a hana jarida tallan gwamnati har ta kasa biyan albashi, ta yi shiru da kanta. To idan ta yi shiru, wa zai faɗa cewa asibitin garinku ba ungozoma, ko an karkatar da takin da aka ce na mata ne? Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 jarida ya ɗora wa aikin bin diddigin gwamnati, tamu ko ta wasu.

Ban ce 'yan jarida waliyyai ba ne, wallahi akwai masu karɓar ambulan. Idan an yi mana ƙarya, mu rubuta raddi da hujja mu nemi a buga, in ta kama a je kotu. Amma kiran a kama, da yaɗa hoton 'yar jarida ana zagin iyayenta, shugabannin mazaɓu ku hana shi a cikin matanku tun daga yau.