Idan Rijiyar Gida Ta Lalace, Daga Ina Ake Fara Gyara?



An ba ni batun gyaran rijiyar gida cikin gaggawa. Kafin mu kai ga guga da siminti, ina so mu tuna watan Mayu na 2018, lokacin da kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, har aka ware wuri a Babban Asibitin Mubi saboda masu amai da gudawa. Ɗaruruwan mutane sun kwanta, wasu ba su tashi ba. Ku lura da watan. Farkon damina ne, sa'ad da ruwan fari ke wanke ƙazantar da ta taru tun rani, ya kora ta duk inda ya samu gangare. A gidaje da yawa, a bakin rijiya gangaren yake ƙarewa.

Mubi tana zaune ne a gindin duwatsun Mandara, bisa dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa. Abin da rijiyoyinmu ke samu yana kwance ne a ruɓaɓɓen saman dutsen, da cikin tsagoginsa, da yashin da kogin Yedzaram ya shimfiɗa a gaɓarsa. Ruwa ne na kusa. Shi ya sa rijiya ke ja baya a Maris da Afrilu, ta tumbatsa a Agusta. Wannan ƙasar da ke shayar da rijiyarka kuwa, ita ce maƙwabcinka ya haƙa masai a cikinta, kuma katangar da ta raba ku ba ta wuce tushenta ba. Masu aikin agaji a duniya suna son a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Gida nawa ne a Kolere ko Yelwa ko Wuro Gude ke da filin haka? A London ma, a 1854, rijiyar titin Broad da likita John Snow ya gano tana yaɗa kwalara, an tarar tsakaninta da ramin bahaya bai kai mita ɗaya ba. Saboda haka ni dai ban yarda akwai rijiyar mutum ɗaya ba. Gyaranta aikin unguwa ne, kuma yana da tsari. Idan aka juya tsarin, kuɗi ya tafi, wani lokaci har da rai.

Zan fara da rai. Ambaliya ta shiga rijiya, ko gefenta ya rufta, ko akuya ta faɗa ta mutu. Nan take maigida ya kira wani saurayi ya ce, "Shiga ka duba." Iyayena da 'yan'uwana, a nan ake yin babbar asara. Rijiyar da ta daɗe a rufe, ko wadda abu ya ruɓe a cikinta, iskar ƙasanta kan rasa abin da numfashi ke buƙata, ba tare da wani wari da zai gargaɗe ka ba. Mutum ya sauka ya yanke jiki, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto shi ma ya faɗi, na uku ya biyo baya. Tsofaffin masu yasar rijiya sun san maganin wannan: a kunna fitila ko kyandir a zura da igiya har kusa da ruwa. In wutar ta mutu, ba mai shiga. A buɗe bakin, a ɗaure reshe mai ganye a yi ta zurawa ana jawowa har iska ta sauya, sannan a sake gwadawa. Mai sauka ya ɗaura igiya a jikinsa, ƙarfafa biyu ko uku suna riƙe da ita a sama, ba sa gusawa ko da an kira su cin abinci. Sai kuma abin da zamani ya kawo mana: injin jan ruwa mai amfani da fetur. Kada a taɓa saukar da shi cikin rijiya, kada kuma a ajiye shi inda hayaƙinsa zai gangara ciki. Gubar hayaƙin nan ba ta da launi, kuma fitila tana iya ci sarai a inda mutum zai mutu.

Ranar da rijiya ta lalace a daina sha, a kuma gaya wa maƙwabtan da ke ɗiba. Kunya kan hana wasu faɗa, alhali yaran da ake aikowa da bokiti su ne za su fara kwanciya.

Daga nan a nemi hanyar da ƙazantar ta bi. Galibi daga sama take: baki ya yi daidai da ƙasa, daɓe ya tsage, ba marfi, ruwan wanki ya kwanta a gefe, guga da igiya suna yashe a turɓaya inda kaji ke tono. A ɗaga bakin ya kai ƙugu, a toshe tsagogin mita ukun farko na bango da siminti, a tone kewayen a danƙare shi da yumɓu, a yi daɓe mai gangara waje da magudana, a rataye guga ɗaya wanda ba ya taɓa ƙasa. Inda bango ya rufta, sai zoben siminti. Wajen kwashe ruwa kuma a bi a hankali, domin idan ƙasa ta jiƙe sharkaf aka zuƙe rijiya farat ɗaya, bangon na iya biyo ruwan. A yashe laka da shara, a goge bango, a bar ruwa ya dawo ya kwanta.

Sai yanzu maganar kulorin ta zo, kuma da gangan na ajiye ta a baya. Mutane sun fi son farawa da ita don ita ce mai sauƙi. Amma zuba magani a rijiyar da ba a toshe ɓarakarta ba, shuka dusa ce. Laka tana cinye ƙarfin kulorin, kuma ruwan sama na gaba zai dawo da abin da aka kashe. In an zo zubawa, a yi lissafi. Rijiya mai faɗin mita ɗaya tana ɗaukar kimanin lita 785 a kowace mita ta zurfin ruwa. A ma'aunin miligiram 50 a lita, wannan na buƙatar kusan giram 60 na garin kulorin mai ƙarfi. A narkar da shi a bokiti, a zuba, a motsa da guga, a rufe ta kwana, sannan a yi ta ɗiba ana zubarwa har warin ya lafa. Bayan an zuba, ba mai sake shiga.

Akwai ruɗu biyu da nake so mu rabu da su. Alif yana kwantar da laka, ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Haka nan malamanmu sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa ba su sauya ba yana da tsarki. Wannan hukuncin alwala ne da wanka, kuma yana nan daram. Sai dai ƙwayar kwalara ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ina roƙon limamanmu da limaman coci su riƙa faɗa wa jama'a haka, don maganarsu ta fi tamu isa gidaje.

Kulorin ba ya daɗewa a rijiya, saboda sabon ruwa yana ɓuɓɓugowa kullum. Don haka kariya ta ƙarshe tana randa. A tafasa ruwan sha, ko a jefa masa ƙwayar magani irin Aquatabs a jira minti 30. Ruwan da aka saya hannun 'yan garuwa yayin da rijiya ke rufe, shi ma haka, domin ba ka ga inda aka cika jarkar ba.

Garin da ke da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da Jami'ar Jihar Adamawa, bai kamata ya rasa mai auna ruwan rijiya ba. Roƙona ga waɗannan makarantu shi ne su gayyato masu yasar rijiya na kowace unguwa, su ji abin da suka gada, su ƙara musu lissafin kulorin da haɗarin hayaƙin inji. Sashen lafiya na ƙananan hukumomin biyu ya ajiye garin maganin inda talaka zai same shi gwargwadon rijiyarsa. Masu unguwanni kuma su sa baki tun kafin a haƙa sabon masai, su tsaya a duba ina rijiyoyin maƙwabta suke. Lokacin gyaran rijiya shi ne Maris da Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya, bango ya bushe, magini na ganin kowace tsaga.