TURANCIN AJI: ABIN DA YARO KE FAƊA DA ABIN DA YA GANE

 

An nemi in yi magana a kan ilimin firamare, ni kuwa na zaɓi ɗan abin da ake rainawa, wato Turancin da malami ke yi da yara kullum a cikin aji.

Mu da aka horar a kwalejin horon malamai zamanin shirin UPE na 1976, an koya mana cewa kafin yaro ya buɗe littafi, a bakin malami yake fara jin Turanci: "Stand up", "Sit down", "Come here", "Clean the board". Ƙa'idar ita ce malami ya faɗa, ya aikata, sa'annan yaro ya aikata. Da haka ma'ana ke zama, ba da fassara ba.

Wata shekara ina hedimasta, sufeto ya shiga wani ajina, ya ce, "Open the window." Sai yara duka suka ɗauka da murya ɗaya, "Open the window!" Ba wanda ya motsa, taga na nan a rufe. Na ji kunya ƙwarai, domin laifin namu ne: mun koya masu maimaici irin na aku. Haka kuma idan malami ya ce, "Do you understand?" ajin kan amsa, "Yes sir!" alhali rabinsu ba su san inda aka dosa ba.

Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a koyar da harshen gida a azuzuwan farko, daga baya a koma Turanci. A 2022 aka ce har aji shida, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta janye wannan. To, ko wane tsari aka bi, da Turanci ake rubuta WAEC da NECO. Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a ƙofar gidanmu, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011. Idan yaranmu suka faɗi Turanci, sai dai su ga ginin jami'ar daga bakin titi, 'ya'yan wasu na ciki.

Shawarata ga malamai uku ce. Na farko, kowace magana a haɗa ta da aiki. Na biyu, a daina tambayar da amsarta "Yes sir" ce, a ce wa yaro, "Show me." Na uku, a koya wa yaro ya ce, "Please, say it again", kuma kada a doke shi don ya faɗa.

Ita kuma ƙungiyarmu, ina roƙon ta riƙa tara tsofaffin malamai da sababbi a dogon hutu, ko da na kwana uku ne, domin da tsohuwar zuma ake magani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba ƙasarmu zaman lafiya.