Kuɗin Farfaɗo da Tattalin Arziki: Ina Rabon Hanyoyin Kankia da Kusada?

Yau maganar hanya za mu yi, da kuɗin da Abuja ke turo wa jihohi duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani, wanda ake cewa na farfaɗo da tattalin arziki. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in kuɗin nan sun zo, nawa ne ke zama titi ko kwalbati a Kankia da Kusada?

Bari mu fara raba hanyoyin, don a nan mutane ke rikicewa. Hanyoyi a Najeriya kashi uku ne: na tarayya, na jiha, da na ƙaramar hukuma. Titin Kano zuwa Katsina, wanda ya bi ta Bichi da Tsanyawa, ya shigo Gidan Mutum Ɗaya, ya ratsa Kankia ya wuce Charanchi, na tarayya ne. Haka ma titin Funtua zuwa Yashe. Amma hanyar da manomi ke bi ya fito da geronsa da wakensa daga ƙauye zuwa bakin kwalta, wannan fa ba ruwan Abuja da ita, nauyin jiha ne ko ƙaramar hukuma. To ka ga, in ba ka san mai hanya ba, ba za ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ba.

Wannan dabara ta ba da kuɗi a lokacin matsi ba yau aka fara ta ba. Iyayenmu har gobe suna labarin PTF, asusun da gwamnatin Abacha ta kafa a 1994 bayan an ƙara kuɗin mai, aka ba Janar Buhari shugabancinsa, aka yi ta gyaran tituna da shi. A 2012, bayan zanga-zangar janye tallafin mai, gwamnatin Jonathan ta kawo SURE-P, aka zuba wani kaso a manyan tituna irin su Abuja zuwa Lokoja da Kano zuwa Maiduguri. A 2017 kuma aka fito da Sukuk na naira biliyan 100 don tituna 25, har da ɓangaren farko na tagwaita titin Kano zuwa Katsina. Ku lura fa, Sukuk bashi ne, kuma titunan tarayya aka yi da shi.

Sai korona ta zo a 2020. Gwamnatin tarayya ta fito da shirin naira tiriliyan 2.3 ƙarƙashin mataimakin shugaban ƙasa Osinbajo. A wannan lokacin ne aka yi shirin nan na ɗaukar mutum 774,000 aiki, wato mutum 1,000 a kowace ƙaramar hukuma, naira 20,000 a wata har wata uku. Mu yi lissafi tare. Mutum 1,000 sau naira 60,000, ya zama naira miliyan 60 rabon Kankia, miliyan 60 rabon Kusada. A takarda, aikin ya haɗa da yashe magudanan ruwa da gyaran hanyoyin karkara. Tambayar da zan yi wa 'yan yankin ita ce, wace hanya za ka nuna yau ka ce ga abin da wannan shirin ya bari? In akwai, ku faɗa mana sunanta, mu yaba.

Akwai kuma NG-CARES, wanda a jiharmu ake kira KT-CARES. Rance ne na dala miliyan 750 daga Bankin Duniya, aka ware wa kowace jiha dala miliyan 20 a farko. Tsarinsa ya burge ni. Jiha ce ke fara yin aiki da kuɗinta, sai masu tantancewa masu zaman kansu su zo su gani da idonsu, sannan a mayar mata da kuɗin. Gani ya kori ji. Kuma cikin ayyukan da aka yarda a yi da shi akwai hanyoyin kai amfanin gona kasuwa.

Na baya-bayan nan kowa ya san shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kuɗin mota ya bi ta. A watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha, kashi 52 cikin ɗari kyauta, kashi 48 rance, akasari don sayen hatsi da taki. Bayan haka kason da jihohi ke samu duk wata daga asusun tarayya ya ƙaru sosai.

To ga ra'ayina. Ban raina rabon shinkafa ba, mai jin yunwa ba ya jiran kwangila. Amma buhu ɗaya, sati nawa zai yi a gida mai mutum goma? Hanya kuwa sau biyu take biya. Na farko, lokacin aikin: matasa su samu leburanci, masu tifa su kawo yashi da tsakuwa, mai abinci ta yi ciniki. Na biyu, bayan an gama: direba ya daina ninka kuɗin buhu don tsoron karyewar mota, mai naƙuda ta isa asibitin Kankia kan lokaci ko da damina ce.

Sai dai wani zai ce, kuma yana da gaskiya, ai kuɗin gaggawa ne, titi kuma ba ya gaggawa. Kafin a yi awo, a biya diyya, a ba da kwangila, shekara ta wuce. Titin Kano zuwa Katsina shaida ne: tun zamanin Jonathan aka ba da kwangilar ɓangaren farko, aikin ya ci gwamnati ya shiga wata. Shi ya sa nake ganin irin wannan kuɗin bai dace da katafaren aiki ba. Ƙananan ayyuka ya dace da su: kwalbati a inda ruwa ke yanke ƙauye, magudanar ruwa, ciko da jar ƙasa na 'yan kilomitoci, abin da za a gama cikin rani ɗaya da hannun 'yan gari.

Wani abu kuma, gyara. Hanyar jar ƙasa in ba a kula da magudanarta ba, damina biyu ta ishe ta komawa gidan jiya, bashin da aka ci aka yi ta kuwa yana nan, mu ne za mu biya.

Saboda haka, 'yan uwana matasa, duk aikin hanya da kuka ga an fara, ku yi tambaya huɗu. Na wa ne, tarayya ko jiha ko ƙaramar hukuma? Kuɗin kyauta ne ko rance? Yaushe aka ce za a gama? Wa zai riƙa gyarawa? Ku kai tambayoyin nan ga kansilanku, da shugaban ƙaramar hukuma, da ɗan majalisar jiha, da mai wakiltar Kankia, Ingawa da Kusada a Abuja. Cikin ladabi, amma a rubuce, kuma a ƙungiyance, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wace hanya ce a yankinku in aka gyara za ta fi sauƙaƙa wa mutane? Ku rubuto mana sunanta da ƙauyukan da ta haɗa, za mu karanto a shiri na gaba.