KADA A SA HANNU SAI LAUYA YA DUBA

Jawabin da wani ɗan ƙungiya mazaunin Ingila ya yi a taron shekara



Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wani kamfani a Ingila. Rannan aka kira ni ofis, aka miƙo mini takarda: za a sallame ni da kuɗi, ni kuma in yarda ba zan kai ƙara kotun ma'aikata ba.

Dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ma'aikaci sai wani masani da ba na kamfanin ba, kamar lauya, ya bayyana masa haƙƙin da zai sarayar. Shi ya sa kamfani kan biya kuɗin lauyan, ko da yake doka ba ta tilasta masa ba. Ni fam 500 suka ware mini. Lauya ta ce wannan na karantawa da bayani ne kawai; in ina son ta yi ciniki da su, sai in cika daga aljihuna.

Na kwana ina saƙe-saƙe, ga haya ga iyali. Daga baya na cika. Ashe ba a lissafa kuɗin hutun da ban ci ba, kuma na wa'adin sallama an rage shi. Abin da ta karɓo mini ya ninka ladanta sau da yawa.

'Yan'uwa, da yawanmu muna da 'ya'ya a can. Mu gaya musu: araha ba ta ado, kuma kada gaggawa ta sa su sa hannu.