Amsa Ga Mai Tambaya Daga Kara Kan Agogon Awon Jini

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga Kara, a ƙaramar hukumar Gwarzo. Wani bawan Allah ne manomi, mai kuma sayen hatsi a kasuwannin wajen Getso da Kabo. Ya ce shekara biyu ke nan da aka gaya masa a asibiti yana da hawan jini, aka ɗora shi a kan magani. Kwanan baya wani abokin cinikinsa ya zo da agogon zamani, irin mai nuna bugun zuciya da awon jini. Ya ara ya ɗaura, agogo ya nuna masa 120/80. Ya sake ɗaurawa mako na gaba, haka dai. Sai ya ajiye maganin. Yanzu ɗansa da ke Kano zai saya masa nasa, shi ne yake tambaya wane iri ya fi.

To Malam, mun gode da takarda. Amma kafin mu kai ga zaɓen agogo, don Allah ka koma wurin malamin asibitin da ya rubuta maka maganin nan, a cikin makon nan, ka gaya masa ranar da ka daina sha. Hawan jini ba ya cika yin sallama. Mutum na iya yin noma, ya ci kasuwa, ya ci tuwonsa da daɗi, alhali jinin yana sama, sai dai wata rana a ji ɓarin jiki ya shanye ko ƙoda ta taɓu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2023 ya ce manya kusan biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma wajen rabinsu ba su san suna da shi ba. Kai ka riga ka sani, kada agogon aro ya mayar da kai cikin waɗanda ba su sani ba.

Ka juya agogon ka duba bayansa, za ka ga wata 'yar koriyar wuta tana ƙyaftawa. Ita ce duk sirrin. Tana haska fata, na'urar kuma tana lura da yadda hasken ke canzawa duk sa'ad da zuciya ta turo jini. Da haka yake ƙirga bugun zuciya, kuma agogo mai kyau yana yin wannan aiki daidai gwargwado, musamman idan mutum na zaune. Babban mutum da ke hutawa, bugunsa yakan kasance tsakanin 60 da 100 a minti ɗaya. Amma in kana kan garma ko kana tafe a babur, ga gumi ga ƙura, ga agogo na rawa a hannu, lissafin yakan ruɗe.

Awon jini kuwa wani abu ne daban. Shi ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya ake aunawa, shi ya sa a asibiti ake naɗa maka ƙyalle a damtse a hura iska har ya matse. Hasken wuta ba ya matse komai. Abin da yawancin agogunan nan ke yi shi ne kintace. Kai da kake auna dawa da masara ka fi mu sanin bambancin wanda ya sa tiya ya auna da wanda ya ɗaga buhu ya ce, ai wannan zai yi tiya arba'in. Wani lokaci ya dace. Amma ba ka biyan kuɗi a kan maganarsa.

Su kansu manyan kamfanonin sun san haka. Agogon Samsung mai nuna awon jini ba ya fara aiki sai an daidaita shi da na'urar damtse, kuma sai an sake daidaitawa duk bayan mako huɗu. Wato ko ka saya, sai ka nemi ta damtsen. Kamfanin Apple a shekarar 2025 ya ƙara wa wasu agogunansa gargaɗin hawan jini, amma ba ya ba da lamba, sai dai ya lura da mutum na kwana 30 ya ce masa je ka a auna ka, kuma ba ya tafiya sai da wayar iPhone. Akwai 'yan kaɗan, irin Huawei Watch D da Omron HeartGuide, waɗanda maɗaurinsu ke hura iska ya matse wuyan hannu. Su ne suka fi kusa da awo na gaskiya, sai dai kuɗinsu ya isa mutum ya yi tunanin takin bana.

Sai kuma na araha, waɗanda suka cika kasuwannin waya, kwali ya sha rubutu: zuciya, jini, iska, har da sukari. Araha dai ba ta ado. A shekarar 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna sukarin jini ba tare da huda fata ba. Saboda haka agogon da ya yi maka wannan alkawari, ka yi shakkar sauran maganarsa. Ga gwaji mai sauƙi da ɗanka zai yi a gaban mai shago: ya ɗaura agogon a ƙotar fartanya ko a kwalba, ya danna awo. In ya ba da lamba, to, ƙota ba ta da zuciya, ya ajiye musu kayansu. Shi ma agogon abokin naka, a gwada shi haka. Mutum goma su ɗaura duk ya ce 120/80 ko kusa da haka, ai ka san akwai magana.

In dai saboda hawan jini ne, shawararmu ita ce yaron ya saya maka na'urar damtse mai batir, a babban kantin magani mai rajista, ba a tire ba. Ya duba girman ƙyallen, domin ƙarami a babban damtse yana ƙara lamba. Ranar da za ka je babban asibitin Gwarzo ka tafi da ita, a auna ka da tasu a auna ka da taka, a ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Na'ura guda ta ishi gida duka, har da maƙwabta. Tana da amfani ƙwarai in akwai mai juna biyu, don hawan jinin ciki shi ke kawo jijjiga, ko da yake ba ta ɗauke wa mace zuwa awo.

Yadda ake awon ma yana da ƙa'ida. Kada ka ci goro ko ka sha taba ko shayi mai ƙarfi rabin awa kafin nan. Ka kama ruwa tukuna, ka zauna minti biyar a kujera ka jingina baya, ƙafa a ƙasa, hannu a kan wani abu daidai ƙirji, ba magana. Ka auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, da safe kafin shan magani da kuma da dare. Ka sa yaro ya rubuta a littafi har kwana bakwai. Idan lambar tana yawan kai 140/90 ko ta wuce, a kai wa likita littafin. Idan ta kai 180/120, balle in da ciwon ƙirji, ko ciwon kai mai tsanani, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a nemi mota nan take.

To in duk da haka ran yana son agogo, ba laifi, ka saye shi a matsayin mai ƙirga bugun zuciya da taku. A tambayi kwana nawa cajinsa ke yi, tunda wasu kullum sai an kai su wurin mai caji. A tabbatar ruwa ba ya shigarsa, don mai alwala sau biyar a yini zai gaji da cirewa. A kuma tabbatar zai yi aiki da irin wayar da ke aljihunka. Idan ya riƙa nuna bugu sama da 100 kana zaune lafiya, ko kana jin zuciyar tana tsallake, ka faɗa wa likita.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma za mu faɗa: gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma ɗunƙulen miya na kanti yana cikin lissafin. Sai ka yi magana da uwargida cikin lalama.

Allah ya ƙara sauƙi, Malam. Ka sake rubuto mana bayan ka dawo daga Gwarzo, ka gaya mana abin da na'urar asibiti ta nuna.