Daga Gimbirin Maroko Zuwa Kuntigin Ɗan Maraya

Yau kiɗan Gnawa na ƙasar Maroko zan ɗan taɓo mana.

Gnawan nan jikokin bayi ne da aka tsallaka Sahara da su daga nan Afirka ta Yamma. Suna da wani molo mai tsirkiya uku, gimbiri suke ce masa, da ƙarafan da ake kaɗawa a hannu. Kwana suke yi cur suna kiɗa don neman waraka, kusan yadda masu garaya ke yi a wajen bori. Har yau akwai kalmomin Bambara da na Hausa a waƙoƙinsu.

To, ga inda abin ke ci min rai. Tun 1998 ake musu babban biki a birnin Essaouira, a 2019 kuma UNESCO ta sa kiɗan cikin al'adun gado na duniya. Mu fa? Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015. Gwangwanin kifi, fatar akuya, tsirkiya ɗaya tal, shi ke nan kuntiginsa. Wallahi ban san saurayi ko ɗaya da ya iya kaɗa shi ba. Ina zai koya, bayan in ya je neman aure cewa za a yi maroƙi ne?

Ni ma da laifina. Mai kukuman unguwarmu ya rasu bara, kullum waya na hannuna amma ban taɓa naɗar muryarsa ba. In akwai irinsa kusa da ku, don Allah ku je ku naɗa cikin makon nan, ku turo mana.